An yi mana titi da gada, saura hanyar ruwa

Jama'a assalamu alaikum. Kwana biyun nan duk wanda ya biyo ta unguwarmu a nan Sakkwato sai ya kira ni ko ya turo saƙo ta WhatsApp yana cewa kai kun ji daɗi, an zuba muku kwalta har da gada, Allah ya sanya alheri. Amin nake cewa kuma har zuciyata, don ni na san yadda hanyar nan take kafin a taɓa ta. Amma akwai maganar da ke cin raina wadda ba ta shiga cikin amsar barka, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta da tsawonta. Maganar ruwa ce. Titin ya tashi sama ya bar gidajenmu a ƙasa, lambatun da anka gina gefe da gefe kuma bai kai ko'ina ba, inda kwalta ta ƙare nan shi ma ya ƙare ya buɗe baki yana kallon lungun mutane, ga shi ko ruwan Agusta bai zo ba tukuna. Ba zan kama sunan kamfani ko na wani mutum ba, gyara nake nema.

Bari in fara da yadda muke a da, don kada wani ya ɗauka ƙorafin marar godiya ne. Unguwar tamu wani kwazazzabo ne ya raba ta biyu, ruwan sama ne ya haƙa shi shekara da shekaru yana gangarowa daga tudun cikin gari zai tafi fadama. Da rani ba ka ganin komai ciki sai bola da awaki da yara masu ƙwallo, amma ranar da anka yi ruwa mai ƙarfi to wanda ke wancan ƙetaren ya zauna can, wanda ke nan ya zauna nan, sai ruwan ya janye. Mai kabu-kabu in ka faɗa mai sunan unguwarmu cikin damina ko ya ƙara maka kuɗi ko ya ce Allah ya haɗa ka da wani, masu agwagwa da buje, wato keke napep, kuwa bakin babban titi suke sauke mutum ya ƙarasa da ƙafa da kayansa a ka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mata masu naƙuda da dare, sau nawa ana tallabo mace ana ratsa taɓo da fitilar waya har a kai inda mota za ta iya tsayawa kafin a nufi asibitin Maryam Abacha ko asibitin ƙwararru. Gawa ma in za a kai ta makwanci sai an yi dogon zagaye da makara a kafaɗa. Yanzu duk wannan ya wuce, mota tana zuwa har ƙofar gida ko ƙarfe nawa ne, yaran wancan ƙetaren ba su fashin makaranta don an yi ruwa, kuma wallahi ranar da anka buɗe gadar na ga dattijon da ya tsaya a tsakiyarta ya ɗaga hannu yana ta addu'a ga duk wanda ke da hannu a aikin.

Kuma ai duk Basakkwace ya san darajar gada tun 2010. Cikin watan Satumba na shekarar nan gulbin Rima ya cika ya batse bayan ruwa ya yi ma dam ɗin Goronyo yawa, ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo can wajen Kwalkwalawa. Jami'a guda sai da anka rufe ta, ma'aikata da mutanen Dundaye da ƙauyukan da ke bayanta sunka koma ƙetarewa da kwalekwale, daga baya sojoji sunka kafa gadar wucin gadi. Wanda ya ga wannan ya san ruwa hanyarsa yake bi, in ka tare ta kuma sai ya nemi wata, ba ruwansa da gidan wa ke gaba.

Farkon abin da munka gani na aikin namu safiyo ne da abin awonsu mai ƙafa uku da wani yaro riƙe da gwangwanin jan fenti. Sunka bi gida gida suna shafa alama a bango, wani an ci mai zaure, wani shaguna, wani rabin ɗakin matarsa, kuma babu wanda ya tara mu ya ce ga faɗin titin ga inda zai bi ga ranar da za a fara. Mai unguwa kansa da munka same shi cewa ya yi shi ma da safen nan ya gani kamar kowa. Daga nan jita-jita ta karɓi ragama, yau a ce iyakar fentin za a tsaya gobe a ce an ƙara faɗi, wasu har sunka fara cire ƙofofi da kwanon rufi suna sayarwa da araha don kada katafila ta haɗa da su.

An biya diyya, wannan gaskiya ce, kuma wasu sun samu abin da ya kai su sunka sayi fili wajen Bado ko More ko Kwannawa sunka fara gini. Amma mutane da yawa sai a lokacin sunka fahimci yadda dokar take. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma har yau tana cikin tsarin mulki, ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke da ikon karɓe fili in za a yi aikin amfanin jama'a kamar titi ko asibiti, kuma abin da ake biya shi ne abin da ka aza bisa ƙasar, gini ko itatuwa ko shuka, ita ƙasar kanta ba a sayen ta daga hannunka. To ka dubi gidan laka na gado a tsakiyar gari, in an yi mai kuɗi a matsayin gini ba zai taka kara ya karya ba, alhali darajarsa duk tana ga wurin da yake, kusa da kasuwa, kusa da masallacin da mutum ya tashi yana salla ciki, kusa da danginsa da masu ba shi bashi in ta ƙure. Kuɗin katangar laka ba su sayen fili ko a bayan gari yanzu balle a yi maganar siminti, duk da a nan Kalambaina ake yin shi. Sannan gidan gado magada ne rututu, an rubuta sunan mutum ɗaya a takardar biya, sai ga 'yan uwan da ba su taɓa sa-in-sa ba sun kai juna gaban alƙali. Ɗan haya kuwa ba a ma san da shi ba, mai gida ya karɓi nasa, shi kuma ya nemi motar kwasar kaya.

Akwai wata tsohuwa a layinmu da kowa ke ce ma Inna, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa a zaurenta tun muna yara. Ranar da za a rushe zauren na tarar da ita zaune bisa tabarma a tsakar gida ta sa jikoki suna kwashe tukwane, na durƙusa na gaishe ta na ce Inna sai haƙuri, ai an ce za a biya. Ta ce, "Ɗana ba kuɗɗin nika tunani ba. Nan anka kawo ni amarya, nan malam yar rasu, zauren ga nan yaka karantar da yara. In an rushe shi masu sayen ƙulina ina za su ishe ni?" Ban samu abin ce mata ba sai Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ta ce amin, sannan ta ce in hau in sauko mata da allunan malam da ke jingine can saman bango kada ƙasa ta rufe su, na sauko da su duk ƙura da yanar gizo, wasu har da sauran rubutu a jiki, ta sa gefen zanenta tana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ƙofar gidanta kai tsaye take buɗewa bisa lambatu, babu zaure babu inuwa, ƙulin kuma jikarta ke yawon talla da shi.

Manyanmu in ana maganar diyya har gobe sai sun tuna Bakolori, lokacin Talata Mafara tana cikin jihar Sakkwato kafin a cire Zamfara a 1996, inda a 1980 manoman da anka karɓe ma gonaki saboda aikin dam sunka tare hanya suna neman haƙƙinsu, anka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, rayuka da yawa sunka salwanta. Alhamdulillahi namu bai kai ko kusa da nan ba, ko hayaniya ba a yi ba, amma tushen ɗaya ne, a yanke magana kan wurin zaman mutum ba a zauna da shi ba.

Lokacin aikin kansa ba zan daɗe a kai ba, duk wanda anka yi titi a ƙofarsa ya sani. Ƙurar hunturu ga ta tifofi, jar ƙasa har cikin randar ruwa, masu asma da tsofaffi sun ji jiki, tankar da ya kamata ta riƙa yayyafa ruwa safe da yamma sai ta yi kwanaki ba a gan ta ba. Katafila ta tsinke bututun ruwa famfo ya ɗauke, 'yan ga-ruwa sunka ƙara kuɗin jarka don sai sun zagayo da kura, zagayen ma ba wasa ba ne tun da anka cire tallafin mai a 2023 ko ina babur ya ƙara taku kuɗi ne. Mai shayin bakin kwari da mai faci da mai cajin waya duk sunka tashi, su ba su cikin lissafin diyya don rumfa ce gare su. A ɗaya hannun kuma samarinmu da yawa sun samu leburanci, matan da ke dafa shinkafa da wake sun yi ciniki sosai da ma'aikata, wannan ma a faɗe shi.

Ni in na taso aiki da la'asar sai in tsaya wajen gadar ina kallon yadda ake ɗaure rodi ana kafa katako ana zuba kankare, a nan na saba da wani dattijo foman ɗinsu, mutumin kirki ba ya ƙyashin bayani. Shi ya nuna mini cewa kwaltar nan da muke gani baƙa tana sheƙi ita ce mafi ƙanƙanta a aikin, asalin titi yana ƙasa, a kwashe ƙasar sama mai laushi a zubar, a kawo jar ƙasa a shimfiɗa kashi kashi ana jiƙawa ana bi da rola har ta danƙare, a zuba dakakken dutse a sake dannewa, a fesa wani baƙin mai ya kama, sannan kwalta ta hau. Ya ce kankaren gada sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa mai, kuma a zafin garin ga in ba a lulluɓe shi da buhu ana ba shi ruwa kullum ba sai ya bushe da wuri ya tsattsage. Ya ce babban abokin gabar titi ruwa ne, in ya kwanta a kai ko ya shiga ƙarƙashi ya jiƙa jar ƙasar to manyan motoci kaɗan sun isa su fara rami, shi ya sa ake ɗaga titi sama ana kuma yi mai ɗan doro a tsakiya don ruwa ya zube gefe.

Na ce to baba, gefen nan ai mu ne. Don kashi bisa kashi titin ya yi ta hawa har ya wuce dokin ƙofar gidaje da yawa, wasu sai da anka yi matakala ake sauka cikin gida daga titi, akwai ɗakin da tagarsa daidai take da tayar mota. Ya yi shiru ya dubi layin gidajen, sannan ya ce, "Alhaji lambatu zai ɗauka in an kai shi inda ya kamata. Mu takarda anka ba mu, inda zane ya tsaya nan muke tsayawa." Na ce ina zanen ya tsaya? Ya nuna mini da hannu can ƙarshen layi. Abin da ya sa wurin ya zama matsala shi ne ƙasar unguwarmu ba duka take gangarawa kwarin ba, guntun da ke kusa da gadar ne kawai ruwansa ke faɗawa can, sauran dogon ɓangaren baya yake gangarawa wajen wasu tsofaffin gidaje da ke cikin rami, kuma daidai bakin lungunsu kwangilar ta ƙare.

Ruwan farko mai ƙarfi na bana da dare ya zo, iska da ƙura tukuna kamar yadda ya saba sannan ya sauko. A da ruwan tsakar gidanmu ta rariya yake fita ya bi hanya ya wuce, yanzu bakin lambatun ya fi rariyar tudu, sai ruwan ya tsaya yana juyawa a tsakar gida, na titi kuma ya sauko ta matakala ya shigo zaure. Munka tashi da bokiti da tsintsiya da kwanon wanki, uwargida tana ɗora buhun gero da katifun yara bisa gado, wuta ta ɗauke, ƙaramin yana ta kuka, haka munka yi ta kwasa har anka kira assalatu. Mu namu da sauƙi ma don ginin bulo ne.

Da gari ya waye na gangara ƙarshen kwaltar. Duk ruwan da lambatu biyu sunka tattaro tun daga saman unguwa, wanda a da yake rarrabuwa lungu lungu wani ya nutse cikin yashi wani ya kwanta a fili, yanzu an haɗa shi wuri ɗaya an ba shi hanya mai santsi ya taho da gudu ya fito ta baki ɗaya ya doki gidajen da ke gabansa. Katangun laka sun jiƙe sun zauna, masai ta cika ta haɗe da ruwan tsakar gida, rijiya ma ruwan ya faɗa ciki, mata sun fito da yara sun tsaya bisa tudu da kayan da sunka iya tsamowa. Na tarar da wani magidanci tsaye cikin ruwa har gwiwa yana tsamo littattafan makarantar 'ya'yansa yana shanyawa bisa katangar maƙwabci, shafukan duk sun manne. Na ce mai sannu, Allah ya mayar da alheri. Ya ce, "Malam mu titin ga ko ganinai ba mu yi daga ƙohwar gida. Ba a shahwa muna fenti ba, ba a ba mu ko sisi ba, amma mu anka aiko ma ruwa." Wannan maganar ita ta sa ni rubutun nan. Waɗanda anka rushe ma gini an san da su ko da an biya su kaɗan, mu na bakin titi mun samu titi, su kuwa mutanen lungun nan ba su cikin kowace takarda, kuma su sunka fi kowa asara. Har yau akwai ruwa kwance a wurin ya yi kore, sauro ya samu gida, yara sun fara zazzaɓi, kuma duk wanda ya san yadda amai da gudawa ke shiga unguwa in masai ta haɗu da rijiya dole hankalinsa ya tashi.

Wasu na ganin Sakkwato garin zafi da fari ne, wane ruwa ne har za a yi ta surutu a kai. Gaskiya ne abin da muke samu a shekara bai kai rabin na Legas ba, amma namu cikin wata huɗu yake sauka, Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma in ya tashi cikin awa ɗaya ko biyu yake juye abin da zai juye. Ga gari ya cika, filayen da ke shanye ruwa a da sun zama gidaje, tsakar gida an yi mata siminti ko intalok, ko'ina rufin kwano, duk ɗigon da ya sauka sai ya nemi hanya a waje. Mutanen Mabera sun fi kowa sanin karatun nan, shekaru sunka yi suna kwana tsaye duk damina. Ke nan lambatu a garin ga ba a auna shi da tsawon kwalta, sai an bi shi har inda zai zubar da ruwan, babban magudani ne ko kwari ko fadama, in kuɗin ba za su kai can ba ni a ganina gara a rage tsawon kwaltar a ƙarasa hanyar ruwan, don titin da babu kwalta wahala ce, amma gidan da ruwa ya ci ba ya dawowa ga talaka.

Ita ma gadar ina da magana a kanta duk da ita ce abin da na fi murna da shi. An cike bakin kwarin hagu da dama anka matse shi don gadar ta yi gajarta, to ruwan in ya zo sai ya taru ta sama ya fito ta ƙasa da ƙarfi kamar an danne bakin tiyo da yatsa. Tun ruwan nan na farko ya fara cin ƙasar gindin bangon gadar ta ɓangaren gangare, don ba a jera dutse da siminti a wurin ba an bar jar ƙasa a fili, yanzu haka akwai ramin da yaro zai iya shiga ya zauna. Gada ba kasafai take karyewa ta tsakiya ba, ta gindi da ta baki ruwa ke cinye ta a hankali sai wata rana a tashi a ga kwaltar bakin ta rufta. Jera dutsen nan ba wani kuɗi ne ba in an kwatanta da abin da anka kashe ma gadar.

Sai maganar gudu. Hanyar da a da ko keke sai a hankali yanzu ta zama yanke ga masu gudun cunkoson babban titi, kabu-kabu da motocin gida har da tifofin yashi. Islamiyya tana wancan hannun, yawancin yaran suna wannan hannun, da la'asar sai ka ga 'yan ƙanana da jaka da hijabi sun jeru bakin kwalta suna jiran sarari, yaran da sunka tashi suna wasa a tsakiyar hanyar nan ba su san tsoron ta ba tukuna. An riga an buge wani yaro, Allah ya taƙaita abin ya tsaya ga karaya a ƙafa. Washegari samari sunka fito da bulo da siminti sunka yi tudun rage gudu da kansu, dogo mai kaifi yana dukan cikin mota kuma yana tare ruwa a kan kwaltar, abin da foman ya ce shi ke kashe titi. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, amma da tun cikin zane an sa tudun da ya dace gaban makaranta da masallaci, da ɗan wurin masu ƙafa a kan gadar, da ba a kai ga haka ba.

Haya kuma ta tashi. Shagunan da ke kallon titi masu su sun ƙara kuɗi, tela da mai niƙa da sunka sha ƙurar aikin tun daga farko har ƙarshe babu ciniki su anka fara cewa su tashi, masu kemis da masu POS sunka shigo. Ba na ce haramun ne mutum ya ci ribar dukiyarsa ba, amma don Allah masu shaguna a ji tausayi, mutumin da ya jure muku watannin ƙura yana biyan haya a ba shi ko shekara guda ya ɗanɗani kwaltar.

Abin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Shekarun nan aiki ake ta yi a garin ga, gadar sama ta Runjin Sambo da ta Rijiyar Dorowa da anka yi zamanin Tambuwal, titunan cikin unguwanni da gwamnatin Ahmed Aliyu ke zubawa tun 2023, ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry ta gwamnatin tarayya mai kilomita 1,068 da anka ƙaddamar a 2024, wadda za ta taso daga Illela bakin iyakar Nijar ta ratsa gonaki da ƙauyuka. Duk abin so ne, ni ba ni da jam'iyya a maganar titi. Amma kowane aiki irin wannan yana da mutanen gefe, mai shagon da motoci za su koma bi ta saman kansa, manomin da hanya za ta raba ma gona biyu, mai gidan da ke gangare. Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo, da an tara tsofaffin unguwarmu ko na awa ɗaya kafin a zana takarda an tambaye su ina ruwa ke bi in an yi na Agusta, wallahi da sun nuna da sanda kyauta, har shekarar da ya taɓa kaiwa wuri kaza sai su faɗa. Saboda haka ku da anka shafa ma jan fenti yanzu kuna jiran katafila, kada duk hankalinku ya tafi ga diyya, ku tambayi tudun da titin zai yi a kan ƙofofinku, ku ce a kai ku ƙafa da ƙafa a nuna muku inda lambatu zai zubar, kuma ku gayyato mutanen bayan layi cikin zaman ko da fenti bai taɓa su ba.

Mu ma akwai namu. Lambatun ko shekara bai yi ba amma har ya fara cika da ledar fiya wata da robobi da yashi, wasu gidajen suna aiko yara su juye shara ciki da dare, wani mai shago ya toshe na gabansa da ƙasa don babur ya samu hawa, wani ya ɗora rumfa a kai. Asabar ɗin da ta wuce munka yi gayya da shebur da baro munka yashe shi daga gada har ƙarshe, liman ma ya ja kunne bayan salla. Sai dai yasa ba ta ƙara ma lambatu tsawo, muna cikin aikin wani yaro daga lungun can ya ce mana yanzu kenan ruwan zai fi saurin isowa gidansu, kuma gaskiya ya faɗa.

Yanzu dai mun kafa ɗan kwamiti, da mai unguwa da liman da wakilin matasa da mutanen lungun da ruwa ya ci, da wata malamar makaranta a madadin mata don su ne ke kwana kwasar ruwa. Mun rubuta takarda ta hannun uban ƙasa zuwa ga masu aikin mun haɗa da hotuna, mun kai ma ɗan majalisarmu kwafi. Abin da muke roƙo a ƙarasa lambatun har ya kai babban magudani, a jera dutse gindin gadar, a yi ma gidajen da sunka koma ƙasa wata ƙaramar hanya da za ta ɗauki ruwan rariyarsu, sannan a zo a duba waɗanda katangunsu sunka faɗi a tallafa musu. An ce mana kamfanin bai miƙa aikin ba tukuna kuma a al'adar kwangila akwai wani kaso na kuɗi da ake riƙewa sai wa'adin gyara ya cika, to in haka ne yanzu ya fi sauƙi a sa shi ya dawo, in ya kwashe injinansa ya bar gari sai dai a jira wani kasafin kuɗin. Kafin nan muna karo-karo gida gida muna cika buhunan siminti da yashi muna jerawa a bakin lungun, duk da mun san ba za su tare ruwan Agusta ba. Wanda ke da hanya da wani injiniya ko wani babba da ake jin maganarsa don Allah ya taimaka ya kai zancen, ko ya zo da kansa in zagaya da shi, daga gadar zuwa ƙarshen lambatun 'yar tafiya ce da ƙafa.